Batirin laftof ɗina ya daina riƙe caji: in sauya shi ko caja ce matsalar?

Hauwa'u Arkilla

Assalamu alaikum. Don Allah masana kwamfuta ina neman shawara. Kwamfutata HP EliteBook 840 G3 ce, ta hannu aka saya mini shekara uku da suka wuce. Yanzu in an ɗauke wuta ba ta wuce minti 20, kuma ba sauka take yi a hankali ba. Sai ta nuna saura kashi 40, sai kawai ta mutu ɗif. In na kunna ta, wani rubutu mai lamba 601 yana fitowa kafin Windows ta buɗe. Wani ya ce caja ce, wani ya ce batir, wani kuma ya ce in bar ta a caji kwana guda za ta warware. Ta yaya zan tabbatar kafin in kashe kuɗi? In batir ne, wane iri zan nema a nan Sakkwato, kuma zan iya sauyawa da kaina ko sai wurin mai gyara?

Injiniya Bello Runjin Sambo

Wa alaikumus salam Malama Hauwa'u. Lambar 601 a kwamfutocin HP sanarwa ce daga BIOS, wato ɗan shirin da ke tashin kwamfuta kafin Windows, cewa abin da batirin ciki yake iya riƙewa ya yi ƙasa ƙwarai. Caja ba ta jawo wannan saƙo. Amma kada ki tsaya a nan, ki auna da kanki, aikin minti biyu ne.

Ki danna maɓallin Windows, ki rubuta cmd, ki buɗe baƙin allon da zai fito, ki rubuta powercfg /batteryreport sannan ki danna Enter. Zai gaya miki inda ya ajiye wani fayil mai suna battery-report.html. Ki buɗe shi ki nemi layi biyu. Na farko Design capacity, wato abin da batirin yake ɗauka ranar da ya fito daga kamfani. Na biyu Full charge capacity, wato abin da yake iya ɗauka yau in ya cika maƙil. Ki raba na biyu da na farko. In ya kai kashi 80 cikin 100 batirin yana da sauran kwana. Tsakanin 50 da 80 ana lallaɓawa. Ƙasa da 50 kuwa, a garin da ake ɗauke wuta kamar namu, ya tashi daga aiki. In kina son shaida ta biyu, ki kashe kwamfutar, ki kunna ki riƙa danna Esc, sannan F2. Gwajin kayan ciki na HP zai buɗe, akwai gwajin batir a cikinsa.

Dalilin mutuwa a kashi 40 shi ne wannan. Batirin naki ƙwayoyi uku ne, wato ƙananan batira uku, aka jera bi da bi. Kowace ƙwayar litiyom in ta tsufa tana nuna ƙarfi muddin ba a ɗora mata nauyi ba, amma da kwamfuta ta ja wuta da yawa, misali kin buɗe bidiyo ko fanka ta tashi, sai ƙarfinta ya faɗi nan take. Kamar tsohuwar rijiya ce a watan Afrilu: ka leƙa ka hango ruwa, ka ja guga biyu sai laka. A cikin batirin akwai ɗan allon tsaro da ke lura da kowace ƙwaya. Da ɗaya ta sauka wajen bolt 3, sai ya yanke wuta gaba ɗaya don kada ta lalace ta zama haɗari, ko da sauran biyun suna da saura. Shi kuma lissafin kashi-kashi da Windows ke nunawa ƙiyasi ne, bai riski faɗuwar ba. Barin ta a caji kwana guda ba ya mayar da sinadarin da ya riga ya ƙone.

Game da caja, ki juya ta ki karanta. Ya kamata ki ga 19.5V, ƙarfinta wat 45 ko 65, mai shuɗin baki. In kwamfutar tana aiki lafiya a kan caja, kuma fitilar caji tana kamawa ba tare da kin murɗa wayar ba, cajar ba ta da laifi. Ki dai leƙa cikin bakin, akwai wata siririyar allura a tsakiya. Da ita kwamfuta ke gane cajar, in ta karye ko ta lanƙwashe kwamfutar kan kunnu amma caji ya ƙi tafiya yadda ya kamata.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk waɗannan gaggawa, shi ne a duba ko batirin ya kumbura. Ki ɗora kwamfutar a kan tebur mai daidai ki gani ko tana rawa. Ki duba gefen gaba ko marfin ƙasa ya buɗe baki. Ki danna maɓallan wurin shafawar da ke ƙasan kibod ki ji ko sun yi tauri. A wannan samfurin batir yana kwance ne a ƙarƙashin wurin da kike ɗora hannu. Ki dawo mana da amsa.

Hauwa'u Arkilla

Na gode Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na farko ya nuna 46,500 mWh, na biyu 14,200 mWh. Kuma gaskiya ne, tana rawa a kan tebur, gefen hagu na marfin ya ɗan ɗago, maɓallin shafawar ma sai na danna da ƙarfi.

Malam Sani Mai Gyara

Ƙanwata, to wanga batir ya kumbura. Kashi 30 ɗai ya rage mishi, amma ba shi na abin damuwa ba yanzu. Ki cire caja yau, kada ki sake sa mata caji sai an hidda shi. Kumburin iska ce da ruwan sinadarin cikin ƙwaya ke saki in ya lalace, zahi da daɗewa cike da caji su ka kawo shi. Jakar da anka naɗe ƙwayar da ita siririya ta ƙwarai. In anka huda ta, ko anka lanƙwasa, tana iya kamawa da wuta, kuma hayaƙin guba na. Kada wani ya ce miki zai tsaga da allura ya hidda iskar ya mayar. Kada a danne shi da nauyi, kada a sa shi firji.

Da a ce bai kumbura ba, sai in ce ki yi da kanki, don wagga kwamfuta ba a manne batirinta da gam ba, noti ne. Tunda ya kumbura na hi son ki kai wurin mai gyara ki tsaya kina kallo. Ga yadda aikin ya kamata ya tahi, ko ke za ki yi ko wani.

Ki hwara kwashe muhimman fayilolinki zuwa filas. Ki bar batirin ya sauka ƙasa da kashi 25, don batirin da ba shi da caji da yawa ko an yi kuskure bai cika tashin wuta ba. Ki kashe kwamfutar kashewa ta gaske, ba ruhe marfi ba: ki riƙe Shift sa'ad da kike danna Shut down. A cire caja da duk abin da ke jone.

Kayan aiki kaɗan na: ƙaramin sukudireba mai kan gicciye, lamba 0 ko 1, da tsohon katin banki ko wata roba mai lebur, da ɗan faranti na zuba noti. A kihe kwamfutar bisa tebur, ba bisa katifa ko darduma ba. A kwance notin marfin ƙasa duka. A duba ƙarƙashin 'yan robobi da bakin ramin katin SD, irin wuraren nan aka ɓoye noti. In marfi ya ƙi tashi, to akwai notin da anka manta, kada a yi mishi ƙarhi. A jera notin yadda anka hiddo su, don a wasu kwamfutoci tsawonsu ba ɗaya ba, dogo in ya shiga ramin gajere shina iya huda abin da ke sama. Da katin roba aka bin gefe ana ɓalle maƙallan, ba da wuƙa ko bakin sukudireba ba.

Da an buɗe, a ɗauki hoto da waya kahin a taɓa komi. Mai aikin ya taɓa wani ƙarhe babba, kamar ƙyauren ƙohwa, ya sauke wutar jikinai. Da hunturu wanga ya hi muhimmanci, don iska a bushe take, tartsatsin da ba ka ko ji shina iya kashe wani abu a bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke bisa. Sannan a kwance notin da ke riƙe da batir, a ɗaga shi da yatsu daga gefe, a hankali, ba tare da an lanƙwasa ba. In kwamfuta mai waya ce tsakanin batir da bod, kan jonin aka kamawa a ja, ba wayar ba. In anka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na abin goge hwarce, ko batirin ya hwara ɗumi, a tsaya, a hidda shi waje bisa yashi, a yi nesa.

Bayan an cire, a danna maɓallin kunnawa a riƙe daƙiƙa 15 don sauran wutar bod ta huce. Tunda an riga an buɗe, a share fanka da ramukan hitar iska da ɗan buroshi, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi. Ƙurar garin ga tana taruwa a nan kamar auduga, kuma ita ka sa ciki ya yi zahi har ya dahwa batir. A sa sabon, a ɗaure noti daidai ba matsewar ƙarhi ba, a ɗora marfi, a jona caja a kunna a ga Windows ta gane shi, sannan a mayar da notin waje.

Tsohon kuwa, a liƙe bakin jonin da salatif, a sa shi cikin gwangwani mai yashi, a aje inuwa nesa da ɗaki da yara. Kada a jehwa shi bola, don bolar unguwa wuta aka sa mata. Kada a ba yaran jari-bola, hwasa shi za su yi. A bar shi wurin mai gyaran da kinka san shina tara su.

Abdulƙadir Mabera

Malam Sani ya gama da ɓangaren cirewa. Ni zan tsaya a kan saye, don a nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Kada ki je shago ki ce a ba ki batirin 840. Sunan ɗaya ne amma batiran daban: G1 da G2 suna amfani da CM03XL, G3 irin taki CS03XL, G4 kuma TA03XL, G5 da G6 SS03XL. Naki rubutun jikinsa zai nuna CS03XL, 11.4V, 46.5Wh, wanda ya yi daidai da 46,500 mWh da kika gani a rahoton. Mafi kyau a buɗe a ɗauki hoton tsohon a tafi da hoton. In babu a kasuwar nan, masu shago suna aikowa da shi daga Kano ko Computer Village ta Ikeja. Wanda za a yi wa aike hoton nan za a tura masa, ba sunan kwamfuta ba.

Ga masu wasu kwamfutocin da ke karantawa: ku kwatanta da Wh, ba mAh ba. Wh shi ne bolt sau amfiya-awa, mAh 1,000 kuma shi ne amfiya-awa ɗaya. Batir mai 11.1V da 4400mAh yana da kusan 49Wh, amma 4400mAh ɗin nan a 7.6V wajen 33Wh ne kawai. 10.8V da 11.1V abu ɗaya ne, bambancin rubutu ne kawai na ƙwaya uku. 11.1V da 14.8V kuwa ba ɗaya ba ne, na biyun ƙwaya huɗu ne.

A kasuwa iri uku za a nuna miki. Akwai na asali sabo, wanda ga kwamfutar da ta fito tun 2016 samunsa ba sauƙi. Akwai wanda aka ciro daga wata kwamfutar ta hannu, na asali ne amma shi ma tsoho. Sai na wasu kamfanoni da aka ƙera don ya dace, a cikinsu akwai mai kyau akwai tarkace. Kalmar orijinal ita kaɗai ba ta nufin komai, domin batirin litiyom yana tsufa ko ba a taɓa amfani da shi ba. Wanda ya yi shekara biyar a cikin kwali a shago mai rufin kwano ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Ki nemi ranar ƙerawa a jikin takardar. Ni dai a ganina, na wani kamfani mai suna da aka ƙera bana ko bara ya fi na asali da ya daɗe a ajiye. Ki ɗauki sabon da tsohon a hannu biyu ki ji nauyi. In sabon ya fi sauƙi sosai, ƙananan ƙwayoyi aka zuba a ciki. Ki shafa samansa, ya zama lebur sarai.

Ki sake yin rahoton nan a gaban mai shago bayan an sa. Amma ki sani ana iya rubuta wa ɗan allon cikin batir ƙarya, ya ce 46,500 alhali babu. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne agogo. Irin kwamfutarki a aiki mai sauƙi tana cin wat 8 zuwa 10. Ki raba 46 da 10, kin ga awa huɗu da rabi ke nan a ƙalla-ƙalla. Don haka ki cika shi, ki cire caja, ki sa hasken allo rabi, ki kunna bidiyon da ke cikin kwamfutar awa guda. Batirin kirki zai sauka da kashi 20 zuwa 25. In ya zubar da 40 ko fiye, ki mayar. Saboda wannan gwajin ne za ki nemi rasit mai ɗauke da lambar jikin batirin da adadin kwanakin garanti a rubuce. Garantin baki ba ya mayar da kuɗi.

Za ki ji masu cewa su sauya miki ƙwayoyin ciki da arha. A tsofaffin batiran da ake zarewa ta baya, masu ƙwayoyi zagayayyu da ake kira 18650, ana yi, in akwai injin ɗigon walda da ƙwayoyi sababbi iri ɗaya. Ko a can ma allon tsaron yakan kulle kansa da zarar an yanke ƙwayoyin, sai an sake masa saiti da na'ura. Naki ƙwayoyi ne lebur na jaka, kada ki yarda a taɓa.

Ɗan tsokaci kafin ki biya. Wannan kwamfuta Intel ƙarni na 6 ce, ba ta cikin waɗanda Microsoft ta amince wa Windows 11, kuma tallafin Windows 10 na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Tana nan da amfani ga rubutu da karatu, batir ɗaya mai kyau ya cancance ta. In kuma an ce sai an haɗa da allo da kibod, a nan sai ki yi lissafi.

Zainab Gawon Nama

'Yar'uwa, ga abin da zai hana sabon bin sawun tsohon. Zancen a yi wa sabon batir cajin awa takwas ko kwana guda na zamanin batiran nikel ne, litiyom ba ya buƙata. Abin da ke da amfani sau ɗaya: ki cika shi, ki yi aiki har kwamfutar ta kashe kanta, ki sake cikawa ba yankewa. Wannan lissafin kashi-kashi yake daidaitawa, ba ya ƙara wa batir ƙarfi, don haka ba abin yi kullum ba ne.

Batirin litiyom yakan yi zagayen caji 300 zuwa 500 kafin ya sauka wajen kashi 80 na ƙarfinsa, amma a nan zafi ne ke riga lissafin zagaye kashe shi. Iyakar zafin da aka tsara a yi masa caji digiri 45 ne. Daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana haura 40 a Sakkwato, ki ƙara da zafin da kwamfutar ke fitarwa. In da hali ki yi caji da dare ko da sassafe. Ki ɗaga bayanta da ɗan littafi iska ta shiga. Kada ki bar ta a mota, kada ki rufe ta tana kunne ki zura a jaka ki hau kabu-kabu da azahar.

Sannan ki shiga BIOS da F10, ɓangaren Advanced, wajen saitin wuta, ki nemi Battery Health Manager ki zaɓi Maximize my battery health. Zai tsayar da caji a kashi 80. In ba ki gan shi ba, sai an sabunta BIOS, kuma ba a yin wannan sai da batir mai lafiya a ciki da caja a jone, don yankewar wuta a tsakiyar aikin tana iya hana kwamfuta tashi. Masu Lenovo su duba cikin manhajar Vantage, masu Dell cikin BIOS ɗinsu akwai makamancinsa.

Injiniya Bello Runjin Sambo

Malama Zainab, na yarda da komai sai tsayarwa a 80, wannan ba na kowa ba ne. Kashi 20 na 46Wh ya haura 9Wh, kusan awa guda ta aiki ke nan. Wanda yake ofis mai sola, kwamfutarsa a jone tun safe har la'asar, shi ne ya fi buƙatar saitin, domin zama a kashi 100 cikin zafi shi ne ke kumbura batir. Wadda kuwa wuta ke zo mata awa kaɗan, da ta cika za ta cire ta yi amfani, batirinta ba ya daɗewa a cike, babu dalilin da zai sa ta yi asarar awa guda. Malama Hauwa'u ta duba yadda wutar unguwarsu take ta zaɓa.

Hauwa'u Arkilla

Allah ya ƙara basira gaba ɗaya. Tambaya ɗaya ta rage. Kafin sabon ya iso, in an cire tsohon zan iya aiki da ita a kan caja kawai?

Malam Sani Mai Gyara

Za ki iya, kuma ya hi barin kumburarre a ciki nesa ba kusa ba. Sai dai da wuta ta ƙyafta ko waya ta motsa za ta mutu nan take, abin da ba ki adana ba ya tahi. Ki riƙa danna Ctrl da S a kai a kai, kuma kada ki bari Windows ta shiga sabuntawa a wanga hali. In kin ga ta rage sauri, da gangan na, wasu kwamfutoci suna rage gudu in babu batir, musamman bisa cajar wat 45. A ƙaramin janareta, ki bari ya tashi ya daidaita kahin ki jona, ki zare kahin a kashe shi.

In kuma kinka ga agogo da kwanan wata suna komawa baya duk sa'ad da kinka zare caja, ko lamba 502 ta hito, wani batir na daban, ɗan zagayayye mai bolt 3 da ke riƙe saitin BIOS. Ki ce ma mai gyara ya auna shi da mita tunda marfi na buɗe, in ya sauka ƙasa da 2.8 a sauya su rana ɗaya.